Yadda nake gasa wa Inna gwiwa da citta da man kaɗanya

Da hunturu ya kama, sanyin ƙashi kan tasar wa Inna a gwiwa har ta koma yin salla a zaune. Shekara uku ke nan ina jinyarta, ga yadda nake yi.

Nakan daka ɗanyar citta kamar girman babban yatsa, in tafasa ta a ruwa kofi uku na minti 10. In sauke, in bari ya huce har in iya tsoma hannuna ban janye ba. Sai in jiƙa tawul, in matse, in ɗora mata kamar minti 15. Daga nan in murza man kaɗanya a tafin hannu ya narke, in shafa a hankali, ba dannawa. In mai ciwon na da ciwon suga, ki ƙara bari ruwan ya huce, don ƙafarsa ba ta cika jin zafi ba, yana iya ƙonewa bai sani ba.

Ɗanyar tafarnuwa kuwa, ki rufa wa kanki asiri. Na taɓa daka ta na ɗaure wa Inna ta kwana da ita. Da safe fatar ta tashi kamar an zuba mata tafasasshen ruwa, mako biyu muna wankin ciwo. Har yau abin na ci mini rai.

Shayin citta ko na kurkum, kofi ɗaya ko biyu a yini ya isa. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin, da mai gyambon ciki, da mai juna biyu, su fara tambayar likita.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne jiƙon gora da ake talla a tasha, wanda ba a faɗin abin da ke ciki. Wasu na zuba magungunan bature masu ƙarfi irin su dexamethasone ko diclofenac a ɓoye. Ciwo zai lafa nan take, a yi ta sa albarka, amma a kwana a tashi fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙoda ta taɓu. Wanda ba shi da lambar NAFDAC ba ya shiga gidanmu.

In gaɓa ta kumbura, ta yi zafi, ga zazzaɓi, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa har ƙafa ba ta takuwa, ki ajiye tawul ɗin ku tafi asibiti. Haka yaro mai sikila da ke kukan ƙashi, kada a kwana da shi a gida ana shafe-shafe.