Ga masu shirin kai yara ƙauyukan Amish

'Yan uwa mazauna Amurka, in za ku kai iyali yankin Lancaster a jihar Pensilbaniya, kada ku sa ranar Lahadi. Mutanen Amish, wato Kiristocin yankin masu rayuwar gargajiya, ba sa ciniki ranar, shagunansu a kulle suke. Asabar ta fi.

Ku fara da garin Strasburg. Akwai tsohon jirgin ƙasa mai aiki da kwal da ke ratsa gonakin masara, yara har tsalle suke in ya busa usur. Daga nan sai hawan keken doki a ƙauyen Bird-in-Hand.

Ku riƙe tsabar kuɗi, masu tebur a bakin hanya da yawa ba sa karɓar kati. Kafin ku sayi gashin fulawarsu ku tambaya, wani da kitsen alade ake kwaɓa shi. Kuma don Allah banda ɗaukar fuskokinsu hoto, aƙidarsu ba ta yarda ba.