Yadda nake gwada ƙaramin madubin na'urar hangen taurari bayan an shafe shi da alminiyam

Wata biyu na yi ina zargin babban madubina mai faɗin milimita 150, wanda na goge da hannuna. Duk tauraron da na saita sai ya fito kamar ƙwayar shinkafa. Ashe laifin na ƙaramin madubin ne, wannan mai siffar ƙwai da ke zaune a karkace a digiri 45 cikin na'ura irin ta Newton, yana juya hasken babban madubi zuwa gefe inda ake sa ido. Nawa milimita 35 ne a faɗi, kusan 50 a tsawo, kuma da shafinsa na alminiyam na saye shi.

Da ba a shafe shi ba, da abin ya zo da sauƙi: a kifa masa gilashin da aka tabbatar a miƙe yake, a haska fitila mai launi ɗaya, a duba ko layukan da suka fito sun lanƙwashe. Amma gilashi tsirara kashi 4 cikin 100 na haske yake mayarwa, shafin kuwa kusan 90, shi ya sa layukan ke fitowa dishi-dishi. Ga kuma ƙura. Na taɓa gwadawa da hunturu, ƙwayar ƙura ɗaya ta ja mini karce a tsakiyar shafin. Tun ranar ba na bari komai ya taɓa fuskarsa.

Yanzu tauraron ƙarya nake yi. Ka samo ƙwallon boris na keke, ka manna shi a baƙin kwali, ka kafa shi nesa kamar mita 30 inda rana za ta buge shi; ɗigon hasken da ke ƙyalli a kansa shi ne tauraron. Da sassafe fa, kafin ƙasa ta ɗau zafi iska ta fara rawa. Sai ƙaramar na'urar hangen nesa da ka yarda da ita, da gilashin leƙawa mai ƙarfi a bakinta.

Fara duban ɗigon hasken kai tsaye, ba madubi. Murɗa saiti ciki kaɗan, sannan waje kaɗan. Ya kamata ya buɗe a zagaye ta kowane ɓangare. In na'urar kanta ba ta ci wannan ba, kada ka ɗora wa madubi laifi.

Sannan ka jingina madubin a digiri 45, yadda zai zauna a aiki, ka dubi ɗigon ta cikinsa. A wannan karkata shi ma zagayayye yake bayyana. Maimaita murɗawar. Abin nema shi ne juyi: in ɗigon ya zama ƙwai a tsaye daga ciki, ya koma ƙwai a kwance daga waje, madubin yana da doro ko kwari. Ƙara kwantar da shi har hasken ya zo yana shafarsa, aibin zai ƙara fitowa fili. Sai dai a nan na taɓa ruɗewa: madubin da aka kwantar sosai sirancewa yake yi a ido, don haka ɗigon zai yi tsawo ko da lafiyayye ne. Tsawon da bai juya ba, ba aibi ba ne.

Mai madubi mai kwari da aka tabbatar yankin ƙwallo ne cif, zai iya yin gwajin da ake kira Ritchey-Common da wuƙar Foucault, wato kaifin da ake tare haske da shi don a ga aibin madubi. A can sau biyu haske ke sauka a kan ƙaramin madubin, wajen zuwa ga mai kwarin da wajen dawowa, aibin ya ninka.

Kafin ka jefar da madubi, cire shi daga mazauninsa ka sake gwadawa. Nawa lafiya lau ya fito da na ɓamɓare shi. Gam ne na cika masa a baya, ya bushe ya ja gilashin. Na mayar da shi da ɗigon silikon uku, na sa tsinken ashana a tsakani har ya bushe, sannan na zare tsinken.