Yadda Ake Karanta Takardar Gwajin Jini Kafin a Sa Ranar Aure

A makaranta an koya mana cewa kowace siffa da ƙwayoyin gado biyu ake samunta, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma mai rinjaye kan danne mai rauni. Haka yake a wasu siffofi. Amma takardar da masu neman aure ke karɓowa daga asibiti a Birnin Kebbi, Argungu ko Yauri ba kullum take bin wannan ƙa'ida ba, kuma rashin sanin haka ya jefa gidaje da yawa cikin jinya.

Da farko a raba gwaji biyu da ake yawan haɗawa. Rukunin jini shi ne A, B, AB ko O. Jinotaip kuwa shi ne AA, AS, AC, SS ko SC, kuma shi ne ke da alaƙa da sikila, wato amosanin jini. Wanda ya ce "ni O ne, ba ni da matsala" bai amsa tambayar sikila ba ko kaɗan.

A jinotaip, A ba ta shafe S. Mai AS jininsa na ɗauke da himoglobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, iri biyu a lokaci guda, na A wajen kashi 60 cikin ɗari, na S kusan kashi 40. Kowace ƙwaya tana aikinta, shi ya sa na'urar gwaji ke nuna layi biyu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne.

Don gane abin da za a iya haifa, a zana murabba'i a raba shi gida huɗu. A rubuta haruffan namiji biyu a sama, na mace biyu a gefe, sannan a kowane gida a haɗa harafin sama da na gefe. AS da AS za su ba da AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Wannan ɗaya cikin huɗun na kowane ciki ne daban, ba wai idan an haifi SS ɗaya ukun da za su biyo baya sun tsira ba. Ana samun gidan da 'ya'ya uku a jere duk SS ne.

Inda aka fi sakaci shi ne harafin C. Wasu suna jin AC sai su ɗauka lafiya lau, tunda babu S. Idan AC ya auri AS, gida ɗaya cikin huɗu SC ne, kuma SC sikila ce. Takan fi SS sauƙi, amma tana kawo ciwon ƙashi, tana lalata ƙashin ƙugu, tana taɓa ido, kuma tana wahalar da mai ciki.

Irin gwajin ma abin tambaya ne. Gwajin gaggawa na sikilin yana nuna akwai S ne kawai. Ba ya bambance AS da SS, ba ya ganin C. A nemi ilektroforesis ko HPLC, wato gwaje-gwajen da ke rarrabe ire-iren himoglobin, a babban asibiti irin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi ko wani ɗakin gwaji mai rajista. Wanda aka yi wa ƙarin jini ya jira wata uku, domin jinin da aka sa masa na iya mai da SS ya fito kamar AS. Jariri ɗan ƙasa da wata shida jininsa cike yake da himoglobin na cikin mahaifa, sai a maimaita gwajin daga baya. Akwai kuma wanda takardarsa ke nuna AA alhali yana ɗauke da ƙwayar wata cutar jini ta gado mai suna beta talasimiya. Idan ya auri AS zai iya haifar mai sikila. HPLC na tona wannan, idan wani nau'in himoglobin mai suna HbA2 ya wuce kashi 3.5 cikin ɗari. A auren zumunci, ko inda aka taɓa samun mai sikila a dangi, yin gwajin a wuri biyu ba ɓarnar kuɗi ba ne.

Rukunin jini ma haka yake: A da B ba sa danne juna, amma kowace tana danne O. Saboda haka uba mai A da uwa mai B za su iya haifar A, B, AB ko O. Bai kamata a zargi mace don rukunin ɗanta ya bambanta da na iyayensa ba. Idan kuma a wajen Rh, wato alamar + ko - da ke gefen rukunin jini, matar nagatif ce mijin fositif, aure ba ya hanuwa, sai dai a yi mata allurar anti-D cikin awa 72 bayan haihuwar jariri mai fositif ko bayan ɓari.

Akwai gadon da ba a cika sa shi a takardar ba, ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini daga fashewa. Ƙwayarsa a kan kuromosom X take. Namiji X ɗaya gare shi, daga uwarsa, don haka uba ba ya ba ɗansa namiji, amma yana ba duk 'ya'yansa mata. Uwa mai ɗauke da ƙwayar, kowane ɗa namiji da ta haifa yana da rabin yiwuwar samu. Saboda haka a bincika tarihin kawunnai na wajen uwa: wa ya taɓa yin fitsari baƙi bayan shan magani? Mai wannan gado jininsa kan fashe da maganin zazzaɓi firimakwin, da ƙwallon kafur da ake sawa cikin akwatin kayan jariri, har da lalle a jikin jinjiri. Jaririn da idonsa ya yi rawaya, musamman a ranar farko, a kai shi asibiti a auna shawarar a ranar. Shanya shi a hantsi ba ya wadatarwa, kuma shawara mai tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa.