Yadda ɗan Katolika zai riƙe ibada a Saudiyya

To yan'uwa da kuka zo aiki Riyad ko Dammam, kun dai sani babu coci a ƙasar nan, ibada sai cikin ɗaki. Ni da asuba nake jan Rosari kafin motar kamfani ta zo, karatun ranar kuma a waya, Misar Lahadi ta YouTube, amma fa wannan ba zai baka Jibi ba. In kana son furta zunubi gaban Fada sai ka tara riyal, ka nemi bizar fita da dawowa da ta Bahrain, ka duba igamarka (katin izinin zama) bata ƙare ba, ka bi gadar Sarki Fahad daga Khobar, kilomita 25 ce, ka nufi babban cocin Maryamu na garin Awali a Bahrain da aka buɗe a 2021. Gicciyenka dai barshi cikin riga.