Yadda za ka gane safsaɗa, da lokacin da ya dace ka kira ta da sunanta

Safsaɗa ita ce hujjar da ta yi shigar gaskiya alhali ciki fanko ne, ka ji magana ta jeru tsaf kamar ba makawa amma sakamakon ƙarya ne. Kalmar ta shigo mana ta Larabci, su ma Larabawa a wajen Girkawa suka samo ta, daga wasu malamai a Atina wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, irin su Protagoras, da ke karɓar kuɗi suna koyar da yadda ake cin gardama. Shehu Ahalari, wannan dai mai littafin fiƙihun da ake fara karantawa a zaure, ya yi waƙen manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja, mai suna Sullam a shekara ta 941 Hijira, ya kasa hujjar hankali gida biyar, safsaɗa ce ta biyar.

To kafin ka jefa wa mutum ita, fara warware maganar tasa gunduwa-gunduwa. Me ya kafa, me ya ɗora a kai? Misalin da malaman manɗiƙi ke bugawa shi ne hoton doki a bango: wannan doki ne, kowane doki na haniniya, saboda haka wannan na haniniya. Ka ga inda aka zille? "Doki" na farko zane ne, na biyu dabba. Yawanci nan ɓarnar take, kalma ɗaya ta shiga da ma'ana biyu ba a lura ba. Gwada da namu: mai gari ke raba gardama a ƙauye, Audu ya sauke buhu goma na gari, kenan Audu ke raba gardama. Wannan kowa zai yi dariya, amma wallahi irinta ake yi da "'yanci" da "adalci" lokacin kamfen kuma a tafa.

Sai ka duba ko an bar zance an koma kan mai zancen. Ka ce titin unguwa ya lalace, a ce ai kai ɗan adawa ne. To ko ɗan adawa ne, ramin ya cike?

Amma fa a kula, ba kowane kuskure ne safsaɗa ba, wanda ya ruɗe a lissafi da zuciya ɗaya kuskure ya yi, wanda ke zuba babu kai babu gindi soki-burutsu yake, wanda aka ƙure yana neman mafita kame-kame yake. Ita safsaɗa da tsari take zuwa, kuma galibi mai ita ya san abin da yake yi.

Wajen furtawa mace ce: "wannan safsaɗa ce". Kuma kar ka tsaya nan, nuna gurbin da ta karye, in ba haka ba kai ma zagi kawai ka yi. In babba ne a gabanka ka ajiye kalmar gefe, ka ce "Allah gafarta Malam, garin da aka faɗa da farko shi ne na biyun kuwa?"