Tsiron Rafi a Akwatin Kifi: Inda Ake Yin Kuskure

Mai kiwon kifin ado a akwatin gilashi yakan ga tsirrai a bakin tafki ya ce ai ga ado kyauta. Ya tsinko, ya zuba. Bayan mako biyu ganye ya narke, ruwa ya yi wari, ƙananan kifi na ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Yawanci tun a bakin ruwa aka ɗauko matsalar.

Babban kuskure shi ne kai tsiron cikin akwati a ranar da aka ciro shi. Tsiron daji ba ya zuwa shi kaɗai. A ƙarƙashin ganyensa akwai ƙwan dodon koɗi, da matsattsaku, da tsutsar mazari, wadda ke ɓuya ta riƙa cafke 'ya'yan kifi. A ƙasashe masu zafi ma wasu dodon koɗin ruwa, irin su Bulinus, su ne ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, don haka a sa safar hannu ta roba lokacin ciro tsiro. Gyaran yana son haƙuri: a wanke lakar tas, a yanke duk ruɓaɓɓen ganye, a ajiye tsiron a bokiti mai haske na mako uku zuwa huɗu ana dubawa. Jiƙa shi kwana biyu a ruwan alif, cokali ɗaya babba cikin lita 4, na kashe dodon koɗi da ƙwansa. Wasu sun fi son bilic na wanki, kashi 1 cikin kashi 19 na ruwa, minti biyu kacal. Ni ba na ba sabon shiga wannan shawarar, domin tsirrai masu laushi irin su Vallisneria ba sa jurewa, kuma in ba a ɗauraye da maganin cire kilorin (sinadarin da ke cikin bilic) ba, kifi ne zai ji a jikinsa.

Sai ɗauko abin da ba tsiron ruwa ba. Ciyawar da ambaliya ta shanye takan yi kore shar a ƙarƙashin ruwa na ɗan lokaci, amma a akwati ruɓewa take yi. Tsiron ruwa na gaskiya yakan yi laushi, in ka ɗaga shi sama sai ya langaɓe, don ruwa ne ke riƙe da shi. Akwai kuma masu rayuwa biyu, waɗanda ke zubar da ganyen da suka yi a sarari su fitar da sabo a cikin ruwa. A nan ne mutane ke gaggawar zubarwa, a zaton tsiron ya mutu. In gindin na da tauri kuma ba ya wari, a bar shi.

Wajen dasawa, ba komai ake binnewa ba. Anubias da Bolbitis suna da kara mai kauri da ke kwance, in aka tura shi cikin yashi sai ya ruɓe. Ɗaure su ake yi da zare a jikin dutse ko itace. Ceratophyllum ba shi da saiwa ko kaɗan, a ruwa yake yawo. Bado kuwa yana son taki a ƙarƙashin yashi, a bar rabin dunƙulen gindinsa a waje, kuma in ganyensa ya kai saman ruwa zai hana na ƙasa haske. Kainuwa ma haka take, ga shi ba ta son raɓar murfin akwati tana ɗiga mata.

Haske kuma: tsiron da ya girma a fili cikin hasken rana ba zai rayu da ƙaramar fitila ba, shi ya sa tsiron inuwa da ruwa mai kwanciya ya fi na kogi mai gudu dacewa da gida. Barin fitila dare da rana gansakuka kawai yake haifarwa. Awa 6 zuwa 8 ta isa.

A wurin ciro tsiro, reshe biyu ko uku sun wadatar, ba sai an tumɓuke gindi duka ba, kuma a guji gandun da doka ta kare da ruwan da ke bin gonakin da ake feshi. In tsiron ya yi yawa aka rage, a busar da shi a rana kafin a zubar. Kada a mayar da shi rafi, ko da wanda aka ɗauko shi ne, tunda ya zauna da kifin da aka kawo daga wasu wurare kuma yana iya tafiya da cutarsu.