Tsofaffin kuɗin ƙarfe da ka gada: daga ina za ka fara

Kada ka wanke su. Lemon tsami da toka suna cinye fuskar kuɗin, su bar zane-zane, kuma duhun da ya hau kansu yana cikin darajarsu. Riƙe kowane ta gefe, a kan farin ƙyalle.

Ware su ta ƙasa da shekara, ka rubuta a littafi. A gidajen Garwa da Marwa za ka tarar da anini da kobo masu huji na zamanin Ingila, da faranka na Kamaru na 1924 zuwa 1926, da na 1943 mai hoton zakara.

Babbar azurfar Mariya Taresa, wato kuɗin azurfa mai hoton wannan sarauniya ta Ostiriya, tana ruɗar mutane, domin kusan duk suna ɗauke da 1780 ko da an buga su shekaru masu yawa bayan haka. Kai ta wurin maƙerin fari ya auna. Ta gaskiya tana kai kusan giram 28, kuma maganaɗisu ba ya kama ta.

Ajiye kowane a ambulan na takarda, nesa da danshin damina. Wata leda mai taushi tana sa su yi kore.